Zaman da ya ce za su yi in ya dawo

Ina tankaɗen garin masara a tsakar gida ƙanin mijina ya yi sallama. Tun da hantsi muka ji ƙarar fashewa daga nan unguwarmu, Malam Inna, ƙara ɗaya mai nauyi da ta girgiza kwanon rufi. Na kira wayar maigidan har na gaji, ba ta shiga. Na ce wa kaina layi ne ya cunkushe, haka yake yi duk ranar da abu ya tashi a gari. Ƙanin nasa bai ƙaraso inda nake ba. Ya tsaya bakin zaure, ya durƙusa.

"Matar Yaya, sai dai haƙuri," ya ce. "Yaya na cikin waɗanda abin ya rutsa da su a tasha."

Daga ɗaki talabijin na ta yi, wani na zagin wani, ana dariya. Bayan innalillahi, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, a kashe wannan abin.

Mu biyu muka yi shawarar sa setilayit, ni da maigidan. A shekarun nan ba wanda yake sakin yaro waje da kwanciyar hankali. Tasha ba lafiya, kasuwa ba lafiya, ko taron yara a bakin layi sai gabanka ya faɗi. Wata mata da ta gudo daga Borno ta kama ɗaki kusa da mu, ita ce take ce mini, "Maman yara, ki tsare su a ɗaki ko da kuka. Ni nawa aikensa na yi, bai dawo ba." Yaranmu biyu ne, mace mai shekara bakwai da ƙaninta mai huɗu. Ba abin da yake zaunar da su sai akwatin nan.

Akwai tashar da take sa finafinan waje da aka juya zuwa Hausa, daga safe har dare. Masu juyawar sukan cusa nasu: ashar, daƙuwa, habaici na 'yan tasha, don a yi dariya. Mu ma manya mun yi dariyar. Wata rana na ce wa maigidan zagin ya yi yawa. Ya ce, "Na ji. Amma kin san inda suke, ko? Bari ƙura ta lafa, sai mu cire."

Ranar da abin ya faru, zai je tasha ne ya ba direba maganin mahaifiyarsa a kai mata ƙauye. Yarinyar ta ce sai ta bi shi. Sunan mahaifiyar tasa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce uwata. Ya ce, "Uwata, ba a zuwa tasha da yara yanzu. Zan sayo miki rake."

Sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafa ƙugu kamar yadda wata mata take yi a fim ɗin da suka fi so, ta ware masa yatsu biyar. Ta yi ashar ɗin da ba zan rubuta ba. Sannan ta ƙara da sauran maganar matar, da irin muryarta: "Tafi can, Allah ya sa gawarka za a dawo da ita."

Ta gama, ta dube mu tana jira. A fim ɗin a nan ake fashewa da dariya.

Na cire takalmi. Ya ɗaga mini hannu.

"Bar ta. Ba ta san abin da ta faɗa ba."

Ya tsuguna har fuskarsa ta zo daidai da tata. Bai yi faɗa ba, bai kuma yi murmushi ba.

"Uwata, ni kika yi wa haka? To. Direba zai tashi ya bar ni. In na dawo za mu zauna, ni da ke, akwai maganar da zan gaya miki."

Na ga lokacin da dariyar ta bar fuskarta. Ya ɗauki ledar maganin ya fita.

A al'adarmu, kafin a fita da mamaci akan shigo da shi cikin gida, matarsa da 'ya'yansa su yi masa addu'a, wanda yake da abin neman yafiya ya nema. Shi ba a shigo da shi ba. Maza suka ce ba zai yiwu a gan shi ba. Daga asibiti aka kawo shi a rufe, aka sallace shi a ƙofar gida, aka wuce. Yarinyar ta ruga zaure, wata gwaggonta ta riƙo ta.

A zaman makoki ne, gida cike da mata, ƙaninta ya faɗa. Bai yi da nufin komai ba, shi ma maimaita abin da ya ji yake yi. Ya ce da ƙarfi, "Yaya ce ta ce a dawo da gawar Baba." Wata tsohuwa daga dangi ta tafa hannu ta ce, "Subhanallahi. Baki, baki." Ba ta ƙara komai ba, amma yarinyar na tsaye riƙe da butar alwala, ta ji.

Kakarta, wadda aka so a kai wa maganin bai isa ba, ta jawo ta jikinta ta ce, "Takwara, ɗana kwanansa ne ya ƙare. Ko waƙa kika yi masa da safen nan, da tafiya zai yi." Yarinyar ta gyaɗa kai. Malamin Islamiyyarsu ma ya gaya mata haka, ta gyaɗa kai.

Na rufe talabijin da tsohon zane duk tsawon takabata. Bayan na fita daga takabar aka sake tayar da wani bam a gari, aka ce kowa ya riƙe yaransa, ƙaramin yana ta kukan fita. Na yaye zanen. Ban san tashar da zan kai da ba a zagi ko ba a nuna gawa ba. Yarinyar kuwa takan ɗauki tabarma ta koma bayan ɗaki. Ran da ƙaninta ya kwaso ashar ɗin nan ya faɗa wa ɗan maƙwabta, ta kai masa mari a baki har leɓensa ya fashe, ita da ba ta taɓa dukansa ba. Na raba su. Sai ta ce,

"Umma, me Baba zai ce mini?"

Na ce, "Ai ya yafe miki. Ba ki ji ya hana ni dukanki ba?"

"Cewa ya yi ban sani ba. Bai ce ya yafe ba."

Ba abin da zan ƙirƙiro mata. Tana wurin ranar, ta ji duk abin da na ji.

Yanzu ta zama budurwa, gari ma ya lafa. Ba ta ɗaga murya. Mutane suna yaba natsuwarta. Ni kaɗai na lura cewa duk wanda zai fita daga gidan nan, ba ta ce masa komai, ko a dawo lafiya. In na ɗauki mayafi sai ta shige ɗaki, sai ta ji ƙarar ƙofa ta fito.

Sau da yawa na yi niyyar in zaunar da ita a madadinsa. Ban san abin da ya shirya gaya mata ba. Har yau ba a yi zaman ba.