Yadda Na Sayi Awa Biyu a Hannun Baba

Baba dillalin albasa ne a kasuwar Illela, kuma tun kafin a haife ni yake da wata ƙa'ida da ya gada daga mahaifinsa. Yana shiga rumfa idan agogon da ke rataye a bangonta ya nuna takwas, ba ya barinta sai ya nuna biyu. Damina da rani duk ɗaya ne a wurinsa. Ya taɓa faɗa a gaban 'yan kasuwa cewa ranar da aka ga ya bar rumfa kafin ƙarfe biyu, to a makara aka fitar da shi. Mutane suka yi dariya suka riƙe maganar, shi ma ya riƙe ta.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa furta sunana ba, "uwata" yake kirana. Wannan ya ba ni lasisin faɗa masa abin da ko Inna ba ta iya faɗa, kuma Allah ya sani ban bar lasisin ya yi ƙura ba. Aikina a wani ƙaramin asibiti ne, ina auna jinin mutane ina yi musu faɗa a kan gishiri.

A bazarar da nake ba da labari, albasar Kalmalo ta yi kyau fiye da kullum, motoci suka yi layi. Baba ba mai zama a inuwa ba ne, tsaye yake a bakin mota yana kallon kowane buhu da 'yan dako ke ɗorawa, kamar albasar za ta gudu. Wata rana da tsakar rana jiri ya ɗebe shi ya faɗi tsakanin buhuna. A asibitinmu aka kawo shi. Ni na ɗaura masa abin awo da hannuna, kuma da na ga abin da ya nuna sai da na juya baya don kada ya ga fuskata. Likita bai ɓoye masa komai ba. Ya ce hawan jini ne, kuma idan ya ci gaba da tsayuwa cikin ranar tsaka, faɗuwa ta gaba za ta iya tafiya da ɓarin jikinsa, ko da shi gaba ɗaya.

Baba ya ce ya ji. Ya huta 'yan kwanaki ya koma kasuwa, takwas zuwa biyu.

Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi na daina zuwa gaishe shi, sai na ga ni kaɗai nake shan wahalar fushin. Tsoro nake ji ƙwarai. Duk wayar da ta shigo mini da tsakar rana sai gabana ya faɗi. Inna ta dube ni wata rana ta ce, "Ki bar wahal da kanki. Da rantsuwa yay yi, da sai a yi kaffara a huta. Wanga ko girman kai na, ba a yi mai kaffara." Gaskiyarta. Baba ya san rana na cinsa, ba wawa ba ne. Abin da ba zai iya ba shi ne a gan shi yana naɗe tabarma kafin biyu, a ce tsufa ya karya maganar Alhaji.

Mafitar ta zo daga inda ban zata ba. Ƙanena yana karatu a Masar, kuma duk Juma'a yakan kira gida bayan an sauko daga masallaci an ci abinci. Wannan Juma'ar sai ga kiransa tun Baba da ƙanensa, Baffa, wanda suke rumfa ɗaya, ba su wanke hannu ba. Na sa wayar yadda kowa zai ji. Baffa ya tambaye shi lafiya ya yi sammako haka, ƙanena ya ce ai shi a kan lokacinsa yake, agogon ƙasar ne aka ja gaba da awa ɗaya saboda zafi ya shigo, sai an doshi sanyi za a mayar.

"Aka ja mi?" in ji Baba.

"Agogo, Baba. Duk ƙasar. Don a fara aiki da wuri, a ci moriyar hasken rana."

Baba ya yi dariya har da tari. "Turawa sun rasa abin yi. Rana dai tana nan inda Allah ya aje ta, su ko sun tsaya suna ruɗin kansu."

Na tuna masa cewa Masar ake magana, ƙasar da ya tura ɗansa neman ilimin addini. Ya ci gaba da lasar yatsa.

Daga nan gardama ta kaure. Baffa ya ce wannan ƙarya ce aka yi wa riga, wanda yake son tashi da wuri ya tashi, mi ya kai shi taɓa agogon jama'a. Ya ce a nan da za a yi haka, da direbobin Ƙonni ta Nijar da namu sai sun yi dambe a bakin iyaka, kowa da nasa lokacin. Ƙanena bai ɓoye ba, ya ce can ma ra'ayi ya rabu. Wasu na jin daɗin tashi aiki da sauran rana, wasu na ƙorafin barcinsu ya rikice, shi kansa ya makara a darasin farko. Inna, wadda ke tankaɗe a ƙofar ɗaki, ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba, ai da azumi kowa a garin nan sauya lokacinsa yake, ba wanda ya mutu. Baffa ya ce da azumi mutane ne ke sauyawa, agogo na nan yadda yake. Inna ta ce to ai akwai mutanen da agogo ya fi su sauƙin juyawa. Ba ta kalli kowa ba da ta faɗa, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ni dai tun tuni na daina sauraro. Na jira aka kashe waya, na gyara zama a gaban Baba yadda na sha ganin masu saye na yi.

"Baba, sayayya niz zo yi."

"Mi kika saye, uwata?"

"Awa uku, a agogon rumfa. A ja shi gaba. Ka shiga da takwas ɗinka, ka tashi da biyunka, ba wanda zai ce ka karya magana."

Ya dube ni tsawon lokaci. Ya gane sarai abin da nake miƙa masa, ni ma na san ya gane. Da na zo da roƙo, da ya kore ni kamar kullum. Amma an taya masa kaya, kuma Baba bai taɓa iya jin tayi ya yi shiru ba. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Albarka," ya ce. "Masarawa da iliminsu awa guda sunka ja. Ke uku? Rabin awa."

Na ce a rabin awa ko kunu ba ya hucewa. Ya ce awa uku na nufin ya fita kasuwa cikin duhu da shi da karnuka. Na san haka, don a rage na taya da yawa, ai a gidan dillali na tashi. Na sauko biyu da rabi, ya hau ɗaya, ya ce daga nan ko sarkin Masar ne ya zo ba ya ƙari. Na miƙe na kaɗe zanena na ce to Allah ya kawo kasuwa, na nufi ƙofa.

Abin da ya fi ba ni dariya har yau, Baffa ne ya kira ni. Mutumin da bai gama cewa abin ƙarya ne ba, jinin dillanci ya motsa masa, ya kasa ganin ciniki na watsewa a gabansa.

"Ke, dawo. Yaya, kai ma ka sassauta. A yi biyu, kowa shi yi haƙuri."

Baba ya kafa sharuɗɗa. Salla ba ta bin agogon nan, ladan take bi. Da zarar ruwa ya zauna ƙasa ta yi sanyi, za a mayar da agogo yadda kakanmu ya bar shi. Sannan shi hannunsa ba zai taɓa agogon ba, wadda ta saya ita za ta je ta ɗauki kayanta a gaban mutane. Na ce na yarda da duka.

"Na sallama," ya ce.

Inna ta saki rariya ta shige ɗaki. Daga baya ta gaya mini kuka ta je yi.

Washegari da safe na shiga kasuwar albasa da hijabina, wurin da mata irina ba su cika shiga ba. Aka jera mini buhu biyu na hau, na ciro agogon, na goge shi da gefen hijabin, na murɗa shi gaba. Maƙwabtan rumfa suka taru suna kallo. Wani tsoho abokin Baba ya tambaye shi mi ke faruwa, Baba ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Uwata ta. Wa ka musu da uwa tai?" Aka kwashe da dariya, kuma dariyar ba ta reni ba ce. Na sauko daga kan buhun ina jin kamar na ci yaƙi.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Baffa yana da gaskiya a wani wurin. 'Yan dako sun yi gunaguni da aka ce su zo da sanyin safiya, wasunsu daga Araba suke tahowa. Wani direba daga Ƙonni ya iso da rana tsaka ya tarar Baba ya tashi, ya yi ta faɗa rabi da Hausa rabi da Faransanci, yana nuna agogon hannunsa yana nuna na bango. 'Yan kasuwa suka laƙaba wa rumfarmu Masar. Mai wucewa sai ya leƙo ya ce, "Alhaji, ƙarhe nawa yanzu a ƙasarku?" Baba ya duba bango ya faɗa masa ba tare da ya yi murmushi ba.

Amma lodin safe ya fi sauri, mutane da ƙarfinsu, albasa ba ta sha rana a fili ba. 'Yan dakon da suka yi gunaguni suka ga suna komawa gida da sauran lokacin sharar gona, suka yi shiru. Kafin bazara ta ƙare, wasu rumfunan kusa sun fara buɗewa tare da mu, ko da yake ba wanda ya taɓa agogonsa. Baffa kuwa bai sauka daga ra'ayinsa ba ko sau ɗaya. Ya ci gaba da ɗaura agogon hannu mai lokacin gwamnati, ya ce dole a samu mai hankali guda a rumfa. Shi yake zama ya sallami direbobin da suka makara, yana yi yana mita. Ban taɓa gaya masa cewa taurin kansa ne ya toshe ramin da ya rage a shirina ba, don kada ya fasa.

Baba ya riƙa shigowa gida rana ba ta kai ga cizo ba. Ranar farko bai san inda zai sa kansa ba, ya yi ta zagaye tsakar gida yana gano laifin da babu, yana tambayar wa ya ajiye turmi a nan. Inna ta shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ta kawo masa fura. A hankali ya saba. Idan na biyo daga asibiti da abin awona, sai in tarar da su biyu a inuwa, yana tsince mata zogale yana ba ta labarin kasuwa, tana ƙaryata rabi. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin iyayena zaune tare da rana ba. Jininsa ya sauka, ba duka ba, amma ya sauka yadda likita ya daina ɗaure fuska. Na daina firgita da ƙarar waya. Bazarar ta wuce Baba na kan ƙafafunsa.

Da ruwa ya zauna, gero ya fara rufe ƙasa, na ce alkawari kaya ne. Raina bai so ba, amma ciniki ciniki ne, kuma na san in na saɓa wannan ba zai sake sayar mini da komai ba. Na je rumfa da safe, na sa aka jawo mini buhu. Baffa har ya miƙe yana murna, yana cewa yau dai za a dawo Nijeriya. Na ɗora ƙafa ɗaya kenan Baba ya yi gyaran murya daga inda yake zaune.

"Uwata, sauko."

Na ce ai sharaɗinsa ne, damina ta zauna, na zo in mayar masa da kayansa.

Bai dube ni ba. Ya ɗauki wata albasa yana jujjuya ta a hannu, ya ce, "Bar shi yadda shike. Awowin nan ba su hannuna yanzu. Na riga na ba Innarku."