Ƙasar da Kawu Ya Zuba wa Ciwonsa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Gusau, ni da ƙanwata mai aikin jinya, domin an aiko mana cewa ƙafar Kawu, yayan mahaifiyarmu, ta ƙi warkewa. Fartanya ce ta sare shi wajen noma, irin saran da ko yaro ba ya yi wa kuka. To amma ga damina ta yi nisa, ciwo sai ci yake yi.

A tashar Ƙaura Namoda muka karya da waina. Mai wainar ta ƙara kuɗi ta rage girma, har ƙanwata ta ce ta taɓa ganin maɓallin riga da ya fi ta faɗi. Daga nan ba mu ƙara yin dariya ba. Muna kama hanyar Zurmi direba ya kashe rediyo, kowa ya zuba wa daji ido don tsoron masu bindiga. Gonaki dama da hagu sun koma ciyawa, rumbuna a tsaye ba rufi. Mun wuce wani ƙauye da ko kare bai yi mana haushi ba.

Garin su Kawu yana kusa da Dauran. Tun daga zaure warin ciwon ya tarbe mu. Yana kwance, kusa da shi kwano cike da kwalayen magani, kafso da allura, duk ya yi amfani da su a banza. Ƙanwata ta kwance tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi, ta dube ni, ta mayar.

"Kawu, ranar da ka yanke, me ka sa wa wurin?"

"Mi zan sa, ɗiyata? Ƙasa mana. Na dumbuzo ta gonata na tsai da jini, awa yadda iyayenmu ka yi. Ƙasar da ka ci da mu ce za ta cuce mu?"

Muka fita ganin gonar, tana bayan gari. A da, makiyaya kan sauka a gonaki bayan girbi, shanu su bar taki su wuce daji. Yanzu tsoro ya tara shanun a bakin gari, a cunkushe wuri guda, cuta tana bin su. Ranar kasuwar Shinkafi masu su kan sayo allura, kowa likitan kansa, mai lafiya da marar lafiya duk a tsira musu. Daga wannan garke Kawu yake kwasar taki shekara da shekaru, tunda takin zamani ya fi ƙarfin talaka.

Ban taɓa ganin gero mai kyan wannan ba. Ya fi ni tsawo, kore shar, ba kowa a ciki, iska ma ta tsaya cak. Ina tafiya ina jin abu yana fashewa ƙarƙashin takalmina. Da na duba, ƙananan kwalaben allura ne da suka biyo taki, wasu har ƙasa ta fara rufe su. Ƙanwata ta ce maganin yana fita cikin kashin shanu, ƙwayoyin cutar da ke ƙasa su zauna tare da shi har su daina jinsa, sannan su riƙa miƙa wa juna wannan taurin kan, kamar yadda manomi ke ba maƙwabcinsa iri. Silifas ne a ƙafata, sai na fita da sanɗa.

Muka ɗauko Kawu zuwa asibiti a Ƙaura, muka kwana biyu muna jiran gwaji. Likitan bai ɓoye mana ba. Ya ce ba zai rantse daga gona aka kwaso cutar ba, kuma shan kafso barkatai ma ya taimaka mata, amma magungunan da aka gwada kusan duka ba sa taɓa ta, ga shi ta kai ga ƙashi. Ko ƙafa, ko rai.

Kawu ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa. Can ya ce, "To, ku cire. Amma kada a yar min da ita. A rufe ta gefen gonata."

Ni na koma ƙauyen da ita cikin farin ƙyalle, na rufe ta inda ya ce. Ina haƙa ina kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Na dawo Gusau lafiya, alhamdu lillahi. Na tafi ina leƙen daji, ina tsoron masu bindiga, ashe akwai wani abin tsoron inda nake takawa. Na koyi cewa abin da muka ɗura wa dabba, ƙasa ce ke karɓa, kuma tana iya dawo mana da shi. Don Allah, wanda ya yanke a gona ya wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ya nufi asibiti.

Jiya Kawu ya kira ni. Ya ce an faɗa mishi gero ya nuna, bai taɓa yin kyau irin na bana ba. Sannan ya tambaye ni wa zai yanke mishi.