Ni na fasa madubin, ba Baba Sule ba

Laifin nawa ne. Ku mutanen Karaye da kuka sha jin ina cewa Baba Sule mai gilashi ne ya fasa min madubi, ku zubar da maganar nan, ƙarya na yi.

Kun dai san halinsa. In ya ɗora injin huda a kan gilashi, ba ya amsa sallamar kowa. Sai ya kewaye wurin da laka, ya ɗiga ruwa a ciki, ya duƙa kamar mai lallashin jariri. Wani Alhaji daga Rogo ya taɓa yi masa sallama har ya gaji. Da hudar ta fita, Baba ya ɗago: "Wa'alaikumus salam, wa'alaikumus salam, wa'alaikumus salam. Ga kayanka nan, Alhaji, ban ci maka ko ɗaya ba."

Ga tattalin tsiya! Ɓallin gilashi kamar farce ba ya yarwa. Na ce, "Baba, wannan kuma na mene ne?" Ya ce, "Tattabaruna ba sa son taga ne?"

Ranar kasuwa na kai masa babban madubin shagon askina, ya huda min kusurwoyinsa. Ya ci rabin kaurin, ya ce sai an juya an ƙarasa ta baya, ya wuce sallar La'asar. Na ce ina tafe. A raina kuwa: kai, tsohon nan da iyayi yake! Na ɗauki injin, ba ruwa ba komai, na danna da ƙarfina. Ƙas! Tsaga daga sama har ƙasa. Na koma benci na harɗe ƙafa.

Ya dawo, ya dubi madubin, ya dube ni. "Ikon Allah, Habu! Yau madubi ya huda kansa."

Ni kuwa na bi gari ina cewa hannun tsoho ya fara rawa. Masu kawo masa aiki suka ja baya. Bai taɓa tankawa ba. Yanka madubin ya yi ƙanana-ƙanana, ya liƙa wa 'yan acaba a babura.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na iya zuwa. Na durƙusa ina kallonsa.

"Aski ka zo yi min ko kallo?" in ji shi.

"Baba, ni na fasa madubin nan, na kuma ɓata maka suna. Ka yafe min."

"Ai na sani, ɗan nema! Garin gilashi har a gemunka. Na yafe. Amma ka je ka faɗi wannan a inda ka faɗi waccan."

Ga shi na faɗa, Baba, ko da na makara. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka.