Giwan Ruwa a Gonar Baba Yunana

Cikin ranakun aikina duka, wadda har gobe ba na mantawa da ita ita ce ranar da na ɗauki mai gadi a jirgin ruwa don kawai ya danne mini gaban jirgin. Ku da kuka shigo aikin kifi yanzu kuka tarar da na'urar da ke nuna muku ƙasan ruwa, ku saurara ku ji yadda muka yi namu.

A tsakiyar shekarun saba'in ne aka turo ni Kafanchan a matsayin mataimakin jami'in kifi, kuma ina kan gwaji. A tsarin aikin gwamnati, sabon ma'aikaci yakan yi shekara biyu ana duba shi, sannan ogansa ya rubuta ko a tabbatar da shi ko a sallame shi. Ni ɗan Kagoma ne, cikin kunyar doya na tashi, ruwa mafi girma da na sani kafin in je makaranta shi ne rafin bayan gidanmu. Amma na yi kwas, ina da takarda, kuma ina ji da kaina ƙwarai.

Aikina shi ne kula da wata babbar madatsar ruwa da ke can bayan gari, tafiyar awa guda a babur. Shekara uku kafin zuwana aka tare ruwan, aka zuba karfasa, daga baya aka zuba 'ya'yan giwan ruwa. Wata safiya na hango wani abu ya fantsama ruwa daga nesa, sai na koma ofis na rubuta rahoto cewa giwan ruwa sun girma, sun cika dam. Ko ɗaya ban kama ba, alƙalami ne ya ɗebe ni. A kan wannan rahoton aka aiko mini da ƙaramin jirgi mai inji daga Kaduna, aka ce in gano wuraren da kifin yake zama, in kuma kawo shaida.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, ga yadda ake yi. Ana ɗaura wani ƙarfe mai walƙiya kamar cokali a jikin igiya, da ƙugiya a gindinsa, a sake shi bayan jirgi, jirgin yana tafiya a hankali. Babban kifi ya ga walƙiya ya zaci ƙarami ne, sai ya kai cafka. Jan ba shi da wuya. Sanin inda za ka ja shi ne aikin.

Ni kuwa ina da littafi. Tun a kwas wani malaminmu ya ba ni shi, kuma a kan kifayen ƙasashen sanyi aka rubuta shi, irin su samon da tirawut. Abin da na fahimta daga ciki shi ne in zafi ya yi, manyan kifaye can ƙasa suke komawa neman sanyi. Lokacin kuwa bazara ce. Don haka na ƙara wa igiyata dalma don ta nutse sosai, na nufi wuri mafi zurfi kusa da bangon dam, na yi ta kai da kawo har mako uku. Ban tsaya na tuna cewa ƙasan ruwanmu babu iska ba, sai ruɓaɓɓen ganye. Abin da na kama a mako ukun nan, reshen itace ne biyu da tsohon kwando.

Duk wannan a gaban idon Baba Yunana ake yi, mai gadin dam. Dattijo ne siriri, yana da hular ulu da ba ya cirewa ko da ana zafin fasa dutse. Kullum in na dawo sai in miƙa masa igiyar jirgi, ya karɓa ya ɗaure, ya leƙa cikin jirgin ya ce, "Sannu da aiki, malamin kifi." Yadda yake jan "malamin" ɗin nan yana sosa mini rai, amma ban taɓa kula shi ba. A ganina manomi ne, bai taɓa riƙe ƙugiya ba.

Sai ga takarda: babban jami'inmu, Oga Danladi, zai zo ranar Laraba ya gani da idonsa. Ya iso da hantsi, ƙato ne mai son barkwanci, amma a kan aiki ba ya wasa. Tun a bakin ruwa ya gaya mini gaskiya. "Ishaya, ka rubuta kifi sun cika dam. Nuna mini guda ɗaya. In babu, jirgi zai bi ni Kaduna, kuma ka san abin da zan rubuta a fayil ɗinka." Na sani sarai. Na tuna yadda aka yi mini addu'a a coci ranar da na samu aikin nan.

Da Oga ya zauna kusa da ni a baya, sai gaban jirgin ya ɗaga sama. Ya yi dariya ya ce a samo wani ya zauna can gaba. Babu kowa sai Baba Yunana. Haka ya shigo, ya ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu.

Awa biyu muna zagaye a gindin bango, rana tana dukanmu. Oga ya duba agogo ya ce, "Ko dai kifayen naka sun ɗauki hutun shekara ne?" Na yi yaƙe, amma kuka ne ya kusa zo mini. A nan ne Baba Yunana ya yi gyaran murya.

"Malamin kifi, wurin nan da kana zagawa, kwazazzabo ne fa, dutse zalla. Kafin ruwa ya zo ko akuya ba ya zuwa nan. Kifi zai zo ya ci mene?"

Oga ya juya ya ce, "To Baba, ina za mu?"

"Mu je gona na."

Na cire dalmar kamar yadda ya ce, na juya jirgi. Ya sa na saita wani farin dutse da ke kan tudu da wata giginya a ɗaya ƙetaren, muka bi tsakaninsu. Yana nuna ruwa da yatsa kamar mai tafiya a ƙasa: nan hanyar kasuwa, nan gonar accar ƙanensa, nan rafi ya yi kwana. Ni dai ruwa kawai nake gani. Can ya ɗaga hannu. "Akwai babban ɗorawa a nan, bakin rafi. Kada ka hau kan shi, ƙugiya zai maƙale. Bi ta gefe. A da tsuntsaye ne a kai, yanzu ƙananan kifi ne. Babban yana jira a gefe."

Zagaye na biyu igiyar ta fizge har ta ƙona mini tafin hannu. Oga Danladi ya manta da girmansa, ya miƙe yana ihu, saura kaɗan ya kifar da mu. Da ƙyar muka jawo shi: giwan ruwa, tsawon hannuna tun daga kafaɗa, yana ƙyalli. Ban san lokacin da na ce "Na gode Yesu" da ƙarfi ba. Oga ya buga bayana ya ce in je in sa wannan wurin a taswira, in kuma daina rubuta abin da ban gani ba.

Na kama hanyar komawa ke nan, Baba Yunana ya ce, "Ɗana, ɗan matsa can kaɗan, ka kashe inji." Na matsa, na kashe. Ya leƙa ruwan ya daɗe. Sai ya cire hular nan, ya riƙe ta a ƙirji. "Nan ne ƙofan gida na," in ji shi. "Baba na yana kwance a bayan ɗaki, a can muka binne shi. Tun da ruwa ya zo ban zo na gaishe shi ba."

Na sunkuyar da kai, kunya ta rufe ni. Shekara uku mutumin nan yana zaune a bakin ruwan yana hangen wurin, mako uku ina wuce shi da jirgi babu kowa a ciki sai ni.

Da muka sauka na tambaye shi me ya sa bai gaya mini tun farko ba. Ya mayar da hularsa ya ce, "Ka tambaye ni? Kullum igiya kake ba ni."

An tabbatar da ni a aiki, jirgi bai koma Kaduna ba. Taswirar da na zana ta dam ɗin, wadda aka daɗe ana aiki da ita, Baba Yunana ne ya faɗa ni na rubuta, muna fita tare duk mako. Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk dam da aka tura ku, akwai waɗanda suka yi noma a ƙasansa, kuma yawanci suna nan kusa, ba a dai tambayarsu ne. Ku neme su kafin ku tayar da inji. In kuma sun shiga jirginku suka ce ku tsaya, ku tsaya, don inda kuke kira wurin kifi, su gida suke ce masa.