Farin Ɗan Tsako a Cikin Jajaye

Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, jar kazar Inna ta fito daga bayan turmi da 'yan tsaki tara. Takwas sun biyo uwarsu, ɗaya kuwa fari tas. Muna Gada Biyu a lokacin, langa-langa ce kawai ta raba mu da gidan Mama Rahila, aminiyar Inna, wadda duk layin aka san ta da fararen kaji. Kafin azahar ta leƙo, ta ƙura wa farin ido, ta ce, "Maman Hadiza, wannan ai jinin gidana ne." Inna ta ɗauka ɓarauniyar ƙwai aka kira ta. Daga ranar aka daina gaisuwa, kwanon gwaten da ke tsallako mana duk Lahadi shi ma ya ɗauke ƙafa. Ni dai gwaten ya fi damuna.

Kaji kuwa ba ruwansu. Da safe nake buɗe akurki in watsa musu dusa, su bi ta ƙasan langa-langa su bazu a layi, zakaran kowa ya bi kazar kowa. Mu yara muna 'yar gala-gala a bakin kwata, mun fi manya sanin abin da ke gudana, amma wa zai tambaye mu? Bayan wata guda farar kazar Mama Rahila ta ƙyanƙyashe bakwai, jajaye reras. Inna ta yafa mayafi ta shiga gidan ko sallama babu, ta ce, "Na zo kwasar 'ya'yana." Dariyarsu har bakin titi.

Sai a sakandare malaminmu ya yi bayani: farin launi yana iya ɓuya a jikin jar kaza, kuma muddin ba a zaɓa wa kaji miji, ba ya ƙarewa, ba ya kuma rinjaye. Hakan muka gani, kowace shekara fararen layinmu ba su ƙaru ba, ba su ragu ba.

Daga baya gari ya rikice, kowa ya nemi unguwar da nasa suka fi yawa. Muka koma Anguwan Rogo, su Mama Rahila suka yi wani wajen. Yanzu kajina a keji suke, katangata ta bulo ce, ban san sunan maƙwabciyata ba. Inna ta rasu tana cewa za ta je ta nemo Mama Rahila.