Kawu Sale da Motar da Ba Ta Tashi

Duk wanda ya taɓa bin bakin lungunmu a Koki bayan la'asar ya san inda zan fara. Kawu Sale zai dawo daga masallaci, ya shiga gida ya sauya hula, ya fito yana kaɗa makulli kamar wanda fasinja ke jira a tasha. Sai ya zagaya tsohuwar motarsa shuɗiya, yana ɗan dukan kowace taya da ƙafa, tayoyin da suka daɗe da nutsewa a ƙasa har ciyawa ta yi musu gemu. Ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya gyara madubi, ya karanta addu'ar tafiya tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya leƙo ta taga ya ce, "To jama'a, ina muka nufa yau?"

Motar nan fa tun kafin a haife ni rabonta da tashi. Tauraruwa yake ce mata. Kajin maƙwabta a ƙarƙashinta suke kwanci, amma ko kusa ba ka isa ka jingina da ita ba tare da ka nemi izini ba.

Kuma yana samun fasinja! Tsofaffin unguwa su cika ta gaba da baya, shi kuma ya kama sitiyari yana ba su labarin hanya. "Mun fita daga gari. Ga gonakin gero nan dama da hagu, an yi ruwa jiya. Ku sauke gilashi ku sha iska." Muryarsa takan yi ƙasa-ƙasa, ta yi laushi, har in ka rufe ido sai ka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da kukan shanu can nesa. Wata rana Malam Iro mai ɗinkin hula, wanda kujerar gaba ta zama tasa, ya ce, "Malam Sale, tsaya in sauka, fitsari ya matsa mini." Kawu ya dube shi a firgice. "A nan? Tsakiyar daji ne fa, Malam Iro! Ka daure mu kai Kazaure." Wallahi Malam Iro ya daure, ga ƙofar gidansa yana kallo.

Ni ce Ummi, 'yar ƙanwarsa, kuma a hannunsa na tashi. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Don haka na san abin da fasinjojinsa da yawa ba su sani ba. Motar nan don matarsa, Inna Rabi, ya saye ta, tun suna da ƙuruciya. Mahaifiyar Inna mutuniyar Agadas ce, ta rasu tana ba ta labarin garin, ita kuwa Inna ko Daura ba ta taɓa wucewa ba. Kawu ya yi mata alkawarin zai kai ta da hannunsa. Ana gobe tafiya, an soya nama, an ɗaure kaya, mota ta yi tari ta mutu. Daga nan albashinsa na malamin lissafi ya koma ciyar da makanikai, wannan ya ce inji ne, wancan ya ce giya ce. Inna ta gaji ta ce, "Malam, ranar da ta tashi ka kira ni. Kafin nan ƙafata ba za ta taka ta ba." Kun san Inna Rabi in ta faɗi magana. Gashinta ya yi fari ba ta ko taɓa murfin motar ba.

Shigata jami'a ce ta jawo sauran labarin. Tattalin arziki nake karanta, kuma a shekarar farko aka ɗan gutsura mana wani fanni da ke duba yadda zuciyar mutum take juya shi a harkar kuɗi. Ina zaune a tsakar gida ina bitar darasi da ƙarfi, na zo inda aka ce mutum yakan ci gaba da zuba dukiya a abin da ya riga ya mutu, don kawai yana jin zafin wadda ya zuba a baya. Kawu yana alwala, sai ya tsaya da buta a hannu.

"Uwata, maimaita."

Na maimaita.

"Innalillahi! Wa ya kai wa Turawa labarina?"

Inna daga madafi ta ce, "Duk Kano ta sani, su ne za su rasa ji?"

Mun ɗauka an yi dariya an wuce. Ashe bawan Allah ya kakkaɓe takardunsa na malanta ya tafi neman gurbi. Ya ce tunda har cutarsa tana cikin littafi, to maganinta ma yana ciki, shafi ne kawai bai kai ba. Takardun suka tsallake masa shekarar farko, sai ga ni ga Kawuna a aji ɗaya, shi da furfurarsa da babbar riga a layin gaba, ni can baya ina jan mayafi ina rufe fuska.

Malaminmu wani matashin Dakta ne, mai haƙuri ƙwarai. Duk kuskuren tunanin da ya bayyana, in ya ce wa zai ba da misali, hannun Kawu ne a sama. "Dakta, ba sai an je nesa ba. Ni ne." Wata rana Dakta ya zo da kofunan roba ya raba wa rabin aji, don ya nuna mana cewa da zarar abu ya shiga hannun mutum sai ya ga ya fi ƙarfin farashinsa. Aka yi ciniki na wasa, aka ga gaskiyar maganar, aka ce a mayar da kofuna. Kowa ya mayar, ban da mutum ɗaya.

"Baba, kofin," in ji Dakta.

"Wane kofi?"

"Wanda ke aljihunka."

Kawu ya dafe aljihu. "Haba Dakta. Ai mun saba."

Da kofin nan ya sha kunu har ƙarshen rayuwarsa, kuma ya ci darasin da maki mai kyau, ya fi ni.

Sai kuma ranar takalmi. An koya mana cewa farashin farko da kunne ya ji shi ke kafa wa zuciya turke, duk tayin da za ka yi a gindinsa za ka yi ta kewaya. Kawu ya ce shi an gama cutarsa. Ya ja ni Kasuwar Kurmi, muna isa rumfar mai takalma ya ciro auduga ya toshe kunnuwansa biyu. Ya nuna wani takalmin fata. Mai rumfa ya faɗi kuɗinsa, ni na ji, Kawu bai ji ba. Ya ɗaga hannu ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, "Riƙe farashinka, ɗan'uwa! Nawa za ka ji!" Ya taya. Jama'a, abin da ya taya ya kusa ninka abin da aka ce masa. Mai rumfa bai bari ya rufe baki ba. "Na sallama, Baba! Na sallama!" Har da ƙara masa da leda mai kyau.

A hanya na gaya masa gaskiya. Ya ciro audugar daga aljihu ya duba, ya ce, "To amma dai farashina ne, Uwata. Ba wanda ya juya ni."

Aljihunsa ma kowanne da aikinsa. Na dama na cefane, na hagu na kuɗin shiga mota, na ƙirji na goro da sadaka, kuma ba a zumunci tsakaninsu. Wata yamma mun sauka a Ƙofar Kabuga za mu canza abin hawa, ya lalubi na hagu ya ji wayam. Na ce ai ga na ƙirji nan ya kumbura. Ya ce, "Kuɗin goro ba ya hawa mota." Na ce, "Kawu, wannan fa shi ne kuskuren da muka rubuta jarrabawa a kansa jiya!" Ya ce, "Na sani mana. Ni na fi kowa bayaninsa. Ɗaga ƙafa."

Haka muka tako. Ina ta ƙunƙuni, shi kuwa yana tafe a hankali cikin takalminsa mai tsada, yana gaisawa da kowa. Da muka zo daidai Goron Dutse rana ta yi ja, ta jingina da dutsen, shirwa suna shawagi a sama kamar ba su da wurin zuwa. Ya tsaya yana kallonsu har na zaci ya manta da ni. Can ya ce, "Uwata, yanzu na san sunan cutata da Turanci. Amma sanin sunan zazzaɓi ba ya saukar da shi." Ya ce, "Littafin ya ce zafin abin da na zuba nake ji. Ba shi ba ne. Muddin motar nan tana ƙofar gida, jinkiri kawai na yi wa Rabi. Ranar da na sayar, na zama maƙaryaci." Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a wannan yammar ba, kuma ban ƙara yin ƙorafin ƙafata ba har gida.

Muna shekarar ƙarshe aka zo za a yi wa lungunmu kwata a shimfiɗa masa bulo. Mai unguwa ya zo da kansa, ya zauna, ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce dole Tauraruwa ta tashi kafin damina, ko da hannun mai ita ko da na ma'aikata. Kwana da kwanaki Kawu ba ya cin abincin kirki. Ya ce shi dai ba za a ja ta kamar mushe yana kallo ba, in rabuwa ce shi zai rabu da ita.

A nan ne karatun ya yi masa rana sau ɗaya tak. An koya mana cewa wanda ya san zuciyarsa za ta ci amanarsa gobe, to ya ɗaure kansa tun yau. Ranar Juma'a da asuba, ana sallame salla ya miƙe. "Jama'a, ku shaida. Gobe masu sayen gwangwan za su ɗauke motata. In kuka ji na canza magana, kada wanda ya ƙara amsa sallamata." Sai muryar Malam Iro daga sahun baya, "To mu kuma mu koma ina?"

Da la'asar ta yi, ya fito da makullinsa kamar kullum, sai dai ba ya kaɗa shi. Tsofaffi suka shiga. Bai kai ga tambayar inda aka nufa ba sai ga Inna Rabi ta fito daga zaure. Sabuwar atamfa, babban mayafi, ƙamshin turaren wuta yana binta, ga ƙullin dambun nama a hannu. Ta tsaya a ƙofar gaba ta ce, "Malam Iro, a yi haƙuri a sauka. Yau ba haya." Suka fice sumsum. Ta shiga, ta gyara zama, ta ɗora ƙullin a cinya, ta dubi gabanta.

"Malam, tada mota. Rana tana yi."

Kawu ya zira makulli ya murɗa. Ya karanta addu'ar tafiya. Sannan ya kama sitiyari.

Duk lungu muka tsaya muna kallo. Ya fitar da ita daga Kano, ya bi da ita ta Kazaure da Daura, suka tsallaka iyaka. Ya nuna mata duwatsun Damagaram, ya ce ta duba yadda itatuwa suke gajarta, suna raguwa, har suka ƙare. Ta ce, "Rage gudu, Malam, kaina yana juyawa." Ya rage. Ya ce ga rairayi nan ya fara, ja kamar an barbaɗa lalle, ga ayarin raƙuma can suna tafe ba sauti. Ta kwance ƙullin ta miƙa masa dambu a baki, a gaban mutane, Inna Rabi da ko sunansa ba ta faɗa! Sai ita ma ta karɓi labarin, idonta a rufe. Ta ce in an kusa gari za a fara hango doguwar hasumiyar masallaci ta jar ƙasa, da sanduna a soke a jikinta, haka mahaifiyarta ta gaya mata. Ya ce, "Ga ta can kuwa. Kin gan ta?" Ta ce, "Na gan ta."

Daidai nan ladanin masallacinmu ya ɗaga murya da kiran magariba. Kawu ya murɗa makulli baya a hankali, ya sauke hannunsa.

"Mun iso, Rabi."

Ta daɗe ba ta buɗe ido ba, hawaye yana bin kuncinta. Ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Allah ya saka da alheri. Ka cika alkawari."

Washegari masu gwangwan suka zo da sarƙa da babbar mota. Da hannunsa ya miƙa makulli, fuskarsa wasai kamar wanda ya warke daga jinya. Abin da kawai ya ce musu shi ne, "Ku bi ta a hankali, samari. Jiya ta yi doguwar tafiya."

Bai ga jarrabawar ƙarshe ba. Cikin damina ya kwanta, ciwon bai ɗauki lokaci ba. Ranar da na koma aji na ga kujerarsa ta gaba ba kowa, sai na fita na yi kukana, Dakta ma bai iya gama darasin ba.

A zaman makoki wata baƙuwa tana yi wa Inna ta'aziyya, ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, an ce har ya tafi bai samu ya kai ki garin mahaifiyarki ba." Inna ta ɗago ta dube ta. Ta ce, "Wa ya gaya miki? Ya kai ni. Da la'asar muka tashi, magariba a can ta same mu."

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya faranta ran baiwarka da abin da yake da shi, ya Allah, ka faranta nasa da abin da ke wurinka. Ka ba Inna Rabi haƙuri, ka sada su a Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.