Tambayar da Kalilu Ya Yi Mini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata 14 ga Mayu, 2013, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Kalilu mai gyaran keke, a gangaren da ke bayan tashar Jibiya. A kan kekena ya rasu.

Kalilu, tun da kekunan gwanjo masu birkin mai suka fara shigowa ta Maraɗi, kai kaɗai ka iya su. Sauran masu gyara sai su cire faifan birkin su ɗaura birkin waya. Kai kuwa ka kwance kan birkin, ka wanke da tsohon buroshin haƙori, ka fitar da iska da sirinji, kana mita kamar mai yi wa ɗa wanka. Har daga garin Daddara ake turo maka su. Kuma ba ka taɓa miƙa wa mutum kekensa ba sai ka hau ka sauka gangaren nan da kanka. Mun sha yi maka dariya a kan haka.

Sau nawa ka ce mini kada man birkin mota ya kusanci keken nan, yana cinye robar ciki? Na ga birkin ya yi laushi, na yi ƙyuyar zuwa wurinka, na zuba na motar. Da na kawo keken canjin takalmin birki ka dube ni ka ce, "Rabe, ka zuba mashi wani abu?"

Na ce, "Ban zuba komi ba."

Kunyar faɗanka kawai na ji, wallahi ba wani abu ba. Ka yarda da ni, ka hau. Tirela tana fitowa daga kan iyaka, ka matsa birki, bai kama ba.

Mutane na cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne. Na je wurin alƙalin kotun Shari'a na faɗa masa komai, ya ce ba shi da abin da zai kama ni da shi, in je in yi ta istigfari. Na so a ce ya ɗaure ni. Ina azumi, amma ban ji nauyin ya ragu ba, kuma ba na zaton zai ragu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Salmatu da 'yan'uwanka na garin Gangara.

Salmatu, sau uku ina zuwa zaman makoki, kina aiko mini da ruwa, na kasa buɗe baki. Ga shi yau kin ji. Ba ni da fuskar roƙonki yafiya. Ya tambaye ni, na yi masa ƙarya.